Mai garkuwa ma yana cin faɗa

Malam, ka tambaya ko jarumin da shingen kariya kaɗai gare shi zai iya cin faɗa. Ƙwarai kuwa. Wannan musun ya sha tashi a majalisarmu ta Jekadafari, nan Gombe.

Dubi Sue Storm ta Fantastic Four, ƙungiyar jarumai huɗu a littattafan labarin zane, wadda kamfanin Marvel ya fito da ita a 1961. Katangarta ba a ganinta. Tana tare harsashi da ita, tana kuma rufe abokin gaba a ciki har numfashi ya gagare shi. Ni a wurina ta fi sauran ukun haɗari, sai dai hankalinta ne ke riƙe katangar, idan duka ya yi yawa takan galabaita.

Bartolomeo na One Piece, labarin zane na Japan, kuwa yatsu yake harɗewa, shingen ya tashi, mai naushinsa ya farfasa hannunsa da kansa.