Amsa ga ƙanenmu da ke tambayar dalilin canza kaki

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka kafin na iya sa hannu in amsa. Ka ce an karɓe kakin da kuka saba da shi an raba muku sabo mai wani zane daban, amma da kuka fita atisaye sai ka ga tun daga nesa ana iya ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya, har ka fara kokwanton ko wannan dabbare-dabbaren yana ɓoye mutum da gaske, kuma me ya sa manya ba sa gajiya da canza shi. Wallahi ka fama min tsohon gyambo. Ni ma na yi wannan tambayar, sai dai ranar da na yi ta hannuwana jage-jage suke da jinin abokina.

Lokacin ina saja. A daji mai duhuwa aka horar da mu, kakinmu kore ne da ruwan ƙasa da baƙi, irin wanda in ka kwanta cikin ganye ko wanda ya san kana wurin sai ya kusa taka ka. Kwatsam aka kwashe mu zuwa wani fili fetal, yashi da tsakuwa da busasshiyar ciyawa, babu wani abu kore a wurin sai mu. Kaki mai haske na irin wannan ƙasa kuwa ya iso sansani, da idona na ga dilolinsa a ɗaure cikin sito. Sau uku ina zuwa wurin hafsan da ke riƙe da makullin. Na farko ya ce takarda ba ta sauko ba. Na biyu ya ce in dawo jibi. Na uku ko kansa bai ɗago daga littafin da yake rubutu ba, ya ce, "Saja, kaki ba ya tare harsashi, koma bakin aikinka." Har yau ina jin muryar nan. Ina tuna yadda yake kaɗa biro a kan tebur, ina tsaye a ƙame gumi na bin bayana, dilolin nan suna bayansa ko taku biyar babu.

Kwana huɗu bayan haka muka hau wani ɗan tudu da asuba, mu goma sha biyu, muka kwanta muna tsaron hanya. Cikin duhu babu matsala. Rana na ɗagowa ƙasa ta yi fari fat, mu kuma muka fito ɓaro-ɓaro. Harsashin farko ya tada ƙura dab da fuskata. Na biyu ya sami abokina a cinya, can sama inda ɗauri ba ya kamawa da kyau. Na danne wurin da gwiwata ina ɗaurewa, jini na fitowa ta tsakanin yatsuna da ɗumi, shi kuma yana riƙe da wuyan rigata yana cewa kada in sake shi. Koren yadin nan ya jiƙe ya koma baƙi wuluk. Muka ja shi a ƙasa muka gangaro bayan tudu, muka ɗauke shi a kafaɗa ana karɓa-karɓa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, ina ta kiran sunansa don kada ya lumshe ido. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafar sai da aka yanke.

Ba zan rantse cewa kakin ne kaɗai ya tona mu ba, wataƙila wani ya motsa, wataƙila gilashin agogo ya haska. Amma da aka kori mutanen, samanjanmu ya sa mutum uku suka koma suka kwanta inda muka kwanta, ya ja ni muka je daidai inda aka harbo mu, wajen mita 400. Ya ce in duba. Babu kore, babu ruwan ƙasa, babu zane ko ɗaya, sai dunƙule uku baƙaƙe kamar hankaki a kan yashi. A ranar na gane abin da ba a koya min a horo ba: daga nesa launukan nan duk haɗewa suke su zama guda, abin da ido ke kamawa shi ne ko ka fi ƙasar duhu ko ka fi ta haske. Bayan kwana tara aka kwance dilolin, saboda wani babba zai kawo ziyara ana so a gan mu fes a fareti. Hafsan nan da hannunsa ya miƙo min nawa, bai ko tambayi mai ƙafar ba. Na yi ƙoƙarin yafe masa, har yanzu ban gama ba.

To amsarka: yana aiki, amma a ƙasar da aka zana shi dominta. Bayan na ajiye aiki na bi tarihin abin sosai, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Ita kanta kalmar kaki asalinta ƙura ce ko ƙasa a Farisanci, ta Indiya ta shigo, inda sojojin Ingila suka fara rina tufafinsu launin ƙasa wajen shekarun 1840. Faransa kuwa da jan wando ta shiga yaƙin 1914, sai da aka yi asarar rayuka mai yawa sannan a 1915 aka koma shuɗi mai toka-toka. Duk inda ka duba, sai jini ya zuba ake canzawa.

Wani canjin na gaskiya ne. Sojojin Ingila a Helmand ta Afganistan suna da kakin daji da na hamada, amma a sintiri guda sai su fito daga gonaki kore shar na bakin kogi su faɗa hamada, ko wanne suka sa sai ya tona su a rabin tafiya. Shi ya sa a 2010 suka koma zane guda mai tsaka-tsakin launi da suke kira MTP. Wannan na yarda da shi, ƙasa ce ta tilasta.

Wani canjin kuma na ofis ne, shi ne yake ƙona min rai. Kanada ce ta fara fito da zanen nan mai ƙananan murabba'ai kamar hoton kwamfuta, sojojin kundumbalar Amurka suka yi nasu a 2002 har da cusa tambarinsu cikin zanen don kada wani ya ɗauka. Sojojin ƙasansu su ma suka ce sai sun yi nasu, a 2004 suka fito da UCP, mai launin toka-toka, wai guda ɗaya zai yi daji, ya yi hamada, ya yi cikin gari. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Yaran sojansu da ke Afganistan suka yi ta kuka cewa ana hango su, sai da majalisarsu ta sa baki a 2009, a 2010 aka ba masu zuwa can wani zane mai suna MultiCam, a 2015 aka fara raba sabon zane ga kowa, ba a gama janye na tokar ba sai 2019. Kuɗin da aka narka a kansa ya kai wajen dala biliyan 5. Ka ƙirga shekarun nan, ka tuna kowace safiya akwai wani yaro kwance a kan tudu cikin rigar da kowa ya san ba ta dace ba. Na sojojin Afganistan ya fi ban takaici. Rahoton mai binciken kuɗi na Amurka a 2017 ya nuna an yi asarar kusan dala miliyan 28 wajen saya musu kaki mai zanen daji, alhali dajin ƙasar wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai, don kawai ministan tsaronsu ya ga zanen a intanet ya burge shi. Da na karanta wannan, fuskar mai sitonmu na gani.

Kada ka sa wa kakin fita sitaci, ina roƙonka. Na san ana son ƙyalli a fareti, to ka ware na fareti daban. Sitaci da yawan guga suna sa yadi sheƙi. Akwai kuma wani dalilin canji da mutane ba su sani ba, ana rina yadin soja na ainihi yadda zai saje da ganye da ƙasa ko a na'urar gani da dare, kwaikwayon da ake sayarwa a waje kuwa ido kawai yake ruɗa. Yanzu ga jirage marasa matuƙi masu ganin zafin jiki, waɗanda ba ruwansu da launin rigarka. A yaƙin Yukiren ma kakin ɓangarorin biyu ya yi kama har sai da suka koma ɗaura salatif a hannu da hula, 'yan Yukiren rawaya ko shuɗi ko kore, na Rasha fari ko ja, don kada su harbi nasu. Ka ga mutum yana son ɓuya, yana kuma tsoron kada ɗan'uwansa ya kasa gane shi.

Fuskarka da bayan hannunka sun fi rigarka tona ka, ka shafa musu ƙasa. Hular kwano zagayayya ce sumul, ido na saurin tsintar irin wannan siffa a daji, ka ɓata ta da raga da ciyawar wurin da kake, in kun sauya wuri ka sauya ciyawar. Juya agogonka ciki. Bindigarka baƙa ce doguwa, ita ma a naɗe ta in an yarda muku. Kada ka tsaya a ƙoƙon tudu sararin sama na bayanka. Motsi kuwa ya fi komai, hawainiya ma da take sauya launi ai a hankali take taku. Sabon kaki yakan fi duhu, yana iya lafawa bayan wanki kaɗan, wataƙila naku ma haka ne.

Abin da na fi nadama shi ne da baki na yi ta roƙon mutumin nan. Da na rubuta takarda ta bi ta hannun samanja na ajiye kwafi, da ko bai ba mu ba akwai abin da zan ɗaga in nuna. Kai ka rubuta. Ka yi ladabi, amma ka rubuta, da kwanan wata. Kuma in wani abu ya same ku, Allah ya kiyaye, kada ka haɗiye shi kai kaɗai. Na yi shekaru ina farkawa cikin dare ina duba tafin hannuna, iyalina ba su san abin da nake nema ba.

Ka samu abokinka guda, ya sa sabon kakin ya kwanta, ka ja baya mita 100, sannan 200, sannan 400, da sassafe da tsakar rana da yamma, ka runtse ido kaɗan ka duba ko ya fi ƙasar duhu. In da hali ka ɗauki hoto ka haɗa da takardar. Rubuto min launin ƙasar da ake shirin kai ku da abin da ka gani, mu duba tare. Ni bari in kira abokin nan nawa, na kwana biyu ban ji muryarsa ba.