Amsa ga mai dokin da ke zabura: kafin ka sayi garin nan, ka duba cikinsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarin akawal ɗina kake bayarwa. Ka ce naka ingarma ne ɗan shekara 6, abu kaɗan ya zabura, ba ya tsayawa a ɗaura masa sirdi, kullum yana zagaye turke yana tono da ƙafa, kana tambaya ko ka sayi garin magniziyam ɗin nan ko wani maganin kwantar da hankali ka riƙa zuba masa a abinci. Don Allah ka dakata da sayen komai tukuna. Ka fara faɗa mana kilo nawa na hatsi yake ci a rana, kuma awa nawa yake yi babu ciyawa a gabansa. Ba ka faɗi wannan ba, ni kuwa a nan tawa matsalar take, saura ƙiris na rasa ɗa da doki gaba ɗaya kafin na gane.

Nawa lokacin da na same shi yaro ma yana jan ragamarsa, ba ruwansa. Ni ne da son in ga ya cika ya yi sheƙi na dinga ɗura masa masara da dusa safe da yamma, kwano cike, ban taɓa aunawa ba. Sai daga baya da na ɗora a sikeli na ga kilo 3 ne kowane ci, kilo 6 ke nan a rana, ga dokin da bai wuce kilo 400 ba, hawansa kuma bai fi sau biyu a sati ba. Ciyawa kuwa ɗan dami ne da safe, kafin hantsi ya share, shi ke nan sai yamma. Cikin wata uku doki ya zama wani daban. Leda ta motsa ya yi tsalle, a ja majayi ya kwantar da kunne ya juyo da baki zai yi cizo, da daddare ina daga ɗaki ina jin yana cizon haƙora yana gwaguyar katakon barga.

To sai aka haɗa ni da wani mutum wai ya san doki. Ba zan kama sunansa ba, na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna shi sai ƙirjina ya yi zafi. Mutumin nan ya zo ko taɓa dokin bai yi ba, bai buɗe bakinsa ba, bai shafa bayansa ba, daga nesa ya tsaya hannu a aljihu ya ce ai wannan rashin horo ne kawai, kun sangarta shi. Ya ce in rage ciyawa don ita ke sa masa tumbi, in bar hatsin yadda yake don shi ne ƙarfi, in ɗaure shi gajere a turke ya wuni a haka har ya san akwai na gaba da shi. Sannan ya ciro wani gari a roba, ba suna ba rubutu ba komai a jiki, ya ce cokali ɗaya da safe. Na karɓa har ina masa godiya. Kuma garin ya yi aiki a ido fa, don in ya ci sai ka ga kansa ya sauka, leɓen ƙasa ya saki, ido ya yi nauyi, ya yi awa uku ko huɗu a haka. Ni na ɗauka sauƙi ne ya samu, ashe bugar da shi kawai ake yi, ciwon yana nan a ciki yana cinsa, na kuma ƙara masa da yunwa da hannuna.

Ranar da ba zan manta ba, garin ya ƙare kwana biyu ke nan. Ɗana mai shekara 12 ya daɗe yana roƙona ya hau, na ce to ai yanzu ya nutsu. Da sassafe ne, dokin bai sa komai a cikinsa ba tun yamman jiya. Ni da kaina na ja majayin, ya kwantar da kunne ya ɗaga ƙafar baya, na kai masa mari a wuya na ce tsaya. Wannan marin har yanzu ina jinsa a tafin hannuna, yana faɗa min yana jin ciwo ni kuma na dake shi. Yaro ya hau, ba su yi taku ashirin ba wani tsuntsu ya tashi daga cikin shinge, doki ya miƙe da ƙafa biyu, ya sauko ya fizga a guje, yaron ya zamo ta gefe ƙafarsa ɗaya ta maƙale a likkafa. Ina gani ana jan ɗana a ƙasa, ina gudu ina kiran sunansa, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Allah ne ya sa takalmin ya fita. Da na isa yana kwance ko kuka bai yi ba, idonsa a buɗe yana kallona, ƙasa cike da bakinsa, hannunsa na hagu ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Abin da ya fara ce min shi ne Baba kar ka dake shi. Uwarsa ta yi sati ba ta haɗa ido da ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Daga asibiti na kira mutumin nan muryata na rawa, ko ya jikin yaron bai ce ba. Cewa ya yi ai laifinka ne da ka bari garin ya yanke, ka zo ka karɓi wani ka koma cokali biyu, in kuma ka gaji da dokin ka kawo ni zan saya tunda ya riga ya lalace. Ka ji fa. Wato dama can abin da yake jira ke nan. Na kashe wayar, ban sake kiransa ba. Wallahi 'yan uwa duk wanda ya miƙo muku gari ko ruwa a robar da ba rubutu ya ce na doki ne, ku mayar masa da abinsa ko waye shi.

Likitan dabbobi da na kira daga baya, abin da ya fara tambaya shi ne ina sikelinka. Shi ya zaunar da ni ya yi min bayanin da da na ji tun farko da duk wannan bai faru ba. Tumbin doki ƙarami ne in ka kwatanta da girmansa, lita 8 zuwa 15 ne kawai, kuma yana zubo ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu. Abin da ke kashe kaifin tsamin nan yawu ne, doki kuma ba ya yin yawu sai yana tauna. In ka sake shi a fili zai yi wajen awa 16 a rana kansa a ƙasa yana tsinka kaɗan kaɗan, haka aka halicce shi. Ni kuma na mayar da shi mai ci sau biyu, ya gama hatsi cikin minti goma, sauran wunin tsami na ta aiki a cikin da ba komai. In aka hau shi a haka ya yi sukuwa, ruwan ya dinga fantsama saman tumbin inda ba shi da kariya. Muka hana shi abinci dare ɗaya aka zura masa kyamara ta hanci, na ga gyambon da idona a allo, ja wur, nan da can. Fita na yi waje, ban iya tsayawa na gama kallo ba. Aka ɗora shi a kan omefirazol, maganin rage tsamin ciki, kwana 28, kullum da safe kafin ya ci komai.

Abincin kuwa juya shi muka yi gaba ɗaya, amma a hankali, cikin sati biyu, kar ka kuskura ka canza wa doki abinci a rana ɗaya, ciwon ciki za ka jawo masa kuma ka san doki ba ya amai. Ciyawa ta koma ita ce abinci, aƙalla kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshe, nawa mai kilo 400 kilo 6 zuwa 8 ke nan a rana, kuma kar ya wuce awa 4 babu abin tauna, har da dare. Ina zuba masa a raga mai ƙananan ramuka don ta daɗe masa. Sitaci kuma likitan ya ce kar ya wuce giram 1 a kowane kilo na nauyinsa a ci ɗaya, giram 400 ke nan, masara kuwa kusan kashi 70 cikin 100 ɗinta sitaci ne, ka ga ko kilo ɗaya bai kamata ya ci a zama guda ba. In ta yi yawa ba ta gama narkewa a ƙaramin hanji, sai ta wuce babban hanji ta yi tsami a can, daga nan ake samun kumburin ciki da ciwon kofato. Da na ga zai rame sai muka sa man girki, daga cokali biyu muka hau a hankali har kusan kofi ɗaya a rana, mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu kuma ba ya hau masa kai. Kafin in ɗaura sirdi yanzu sai na ba shi ɗan ciyawar alfalfa ko harawa ya tauna minti ashirin, ban sake hawansa da wofin ciki ba. Af, dusa ma ka yi hattara, musamman ta alkama, fosforas ɗinta ya fi kalsiyam yawa nesa ba kusa ba, in ta zama ita ce abincin kullum jiki zai dinga zaro kalsiyam daga ƙashi har fuskar doki ta kumbura.

Maganar magniziyam da ka tambaya, ban ce haramun ba ne, ni ma na ba shi na wata biyu, gaskiya ban ga wani abin da ya ƙara ba. Doki irin nawa giram 6 yake buƙata a rana, kuma in yana samun ciyawa mai kyau isasshiya yawanci ya riga ya samu. In yana da ƙarancinsa zai taimaka, in ba shi da shi kuɗinka ne za su bi fitsari. Bitamin B1 ma da ake sa wa a irin waɗannan garin, ƙwayoyin cikin hanjinsa na yi masa da kansu in dai akwai ciyawa. Tiriftofan kuwa, wani sinadarin da shi ma ake sa wa a ciki, gwajin da aka yi a kan dawaki bai nuna yana kwantar da su ba. In kuma kana shiga gasa ka karanta jikin roba da kyau, baleriyan, wani tsiro da ake haɗawa a maganin kwantar da hankali, yana cikin abubuwan da FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ta hana. Abin da ban fasa ba shi ba kullum shi ne gishiri, cokali biyu manya a abinci, da ruwa mai tsabta da ba ya yankewa, don yana shan lita 25 zuwa 40 a rana, da zafi ma ya fi haka.

Kuma don Allah a duba masa haƙora, nawa an samu gefen turamensa ya yi kaifi yana yankar kumatu in an ja linzami, aka goge. A duba sirdin ko yana danne masa baya, a duba ido. Yana da abokin zama kuwa? Doki dabbar garke ne, kaɗaici kaɗai ya isa ya birkita shi. Ni tsohon doki na samo na ajiye a inda suke ganin juna, na daina ɗaure shi gajere, yana wuni a sake a fili, zagayen turken nan tun satin farko ya ragu. Kar ka dake shi in ya zabura, na roƙe ka, ni na yi kuma ina ɗauke da abin har yau.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya zama tunkiya ba, ingarma ne, har yanzu in iska ta taso yana ɗaga kai yana huci, in ya ji goɗiya kuwa sai ka riƙe da kyau. Amma wajen sati na shida na ja majayi ya tsaya cak yana tauna abinsa, kunnensa a gaba, sai da na jingina goshina a wuyansa na daɗe a haka. Yaron hannunsa ya warke, shi ke cika masa ragar ciyawa da daddare, bai sake hawa ba tukuna kuma ban matsa masa ba.

Yau ɗin nan ka samo sikeli ka auna duk abin da yake ci, hatsi daban dusa daban ciyawa daban, ka rubuto mana da ƙarfe nawa kake ba shi, ka haɗo da hotonsa ta gefe mu ga haƙarƙarinsa. In yana cizon haƙora ko yana barin hatsi a kwano ya juya, ka kira likita ka faɗa masa kana zargin gyambon ciki. Kuma kar ka ɗora yaro a kansa sai an duba shi, ko da ya yi ta kuka yana roƙonka. Allah ya ba shi lafiya, ina jiran amsarka.