Tambayoyinku: Ajin Pilates zan shiga ko malama zan nema ni kaɗai?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekarata 36, 'ya'yana uku, autan watansa takwas kuma ta hanyar tiyata na haife shi. Aikina na zama ne a gaban kwamfuta daga safe zuwa yamma, ƙuguna kuwa kusan kullum yana ciwo. Likitata ta ce zan iya fara motsa jiki, har ta ambaci Pilates. Na je inda ake koyarwa, suka ce akwai aji na mutum goma sha biyu, akwai kuma darasin da malama za ta tsaya a kaina ni kaɗai, sai dai kuɗinsa ya ninka na ajin. Ƙawata ta ce ɓarnar kuɗi ce, ai motsin duk ɗaya ne. Wanne zan ɗauka? Maman Uku

Amsa: Ƙanwata, barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Shawarata ita ce ki fara da malama ke kaɗai, darasi uku zuwa biyar, sannan ki koma aji. Bari in gaya miki abin da ya sa.

Ƙawarki ta yi gaskiya cewa motsin ɗaya ne, amma jikin da ke yin sa ya bambanta. Shekara bakwai da suka wuce ni ma da aji na fara, mu goma sha biyar. Wata uku ina zuwa, wuyana na ƙara sanƙarewa, ni kuma ina cewa alamar aiki ce. Akwai wani motsi da ake kira Hundred: ki kwanta rigingine, ki ɗaga kai da kafaɗu da ƙafafu, ki riƙa buga hannuwa sama da ƙasa sau ɗari, kina shaƙar numfashi a bugu biyar, kina fitarwa a biyar. Ashe da wuya nake ɗaukar nauyin duka, cikina yana hutawa, bayana ya banƙare daga tabarma. Malamar tana can gaba tana ƙirga mana, ba yadda za a yi ta ga wannan. Ranar da na biya darasin ni kaɗai, ba a yi minti goma ba ta zura tafin hannunta ƙarƙashin ƙuguna, ta ce, "Kin ji wannan ramin? Lanƙwasa gwiwa, ajiye kanki a ƙasa." Ta ninke tawul ta sa mini a ƙeya. A ranar na fara jin tsokar da ke can ƙasan cibiyata tana aiki, har tana rawa.

Ni fa a lokacin ba haihuwa na yi ba. Ke kuwa cikinki ya ɗauki yara uku, an kuma yanka shi wata takwas da suka wuce. Mata da yawa bayan haihuwa tsokokin nan biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara suna buɗewa a tsakiya, abin da likitoci ke kira diastasis recti. Idan mai irin wannan ta ɗaga kai daga kwance, sai tsakiyar cikin ya taso kamar tudu. Wannan alama ce cewa motsin ya fi ƙarfin cikin a yanzu, ana buƙatar a sauƙaƙa shi. A aji na mutum goma sha biyu, wa zai lura da cikinki? Malamar da take tsaye a kanki ita za ta gani, ta canja miki motsin nan take.

Shi kansa Joseph Pilates, wanda ya ƙirƙiro wannan tsarin motsa jiki, Bajamushen da aka haifa a 1883, wanda ya buɗe wurin koyarwarsa a New York tare da abokiyar rayuwarsa Clara a shekarun 1920, yawancin aikinsa na gyara jikin mutum ɗaya ne a kan na'urorin da ya ƙera. Masu rawa da suka ji rauni suna cikin waɗanda suka fi zuwa wurinsa. Sunan da ya ba tsarin ma Contrology ne, wato sarrafa jiki da hankali, ba yawan maimaitawa ba.

Idan ajin da suka nuna miki na reformer ne, wannan gadon mai zamewa da igiyoyi da sifirin, to maganata ta ƙara ƙarfi. Sabon shiga yakan ɗauka rage sifirin sauƙi ne, alhali a wasu motsin idan aka rage shi gadon ya fi zamewa, sai cikinki ne zai riƙe shi. Gara ki koyi wannan a natse, da wadda za ta kama miki gadon.

Amma kada ki daɗe a darasin ke kaɗai. Na ga mata da suka fara shi da zafi, bayan wata biyu aljihu ya gaza, suka daina gaba ɗaya. Ciwon ƙugu irin na masu zaman ofis yana son a dage, sau biyu a mako wata da watanni, kuma aji ne zai ba ki damar haka. Ga shi idan kin san akwai waɗanda za su tambayi inda kika shiga, lalaci ba ya samun wuri. Akwai kuma abin da na lura da shi a kaina: muddin hannun malama na gyara ni, ba na koyon gyara kaina. A aji ne na koyi sauraron jikina.

Idan kuɗin darasi biyar ya yi miki nauyi, ki tambaye su ko suna yin na mutum biyu. Ki ja ƙawar taki ku raba kuɗin.

Abu ɗaya da nake so ki bincika kafin ki biya ko sisi: horon malamar. A shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa kalmar Pilates suna ne na gama-gari, ba mallakin wani kamfani ba, don haka sunan kaɗai ba ya nuna zurfin horon mai koyarwa. Ki tambaye ta inda ta koya, tsawon lokacin da ta ɗauka, da ko ta taɓa aiki da masu jego. Malamar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya.

Ranar farko ki gaya mata komai: tiyatar, watannin, inda ƙugun ke ciwo, da ko fitsari na kufce miki idan kin yi tari ko atishawa. Idan kuwa ciwon ya fara sauka ƙafa, ko kika ji ƙafar ta yi sanyi kamar ba taki ba, ko wurin ɗinkin ya riƙa zafi, ki dakata ki koma wurin likitarki ko likitan fisiyo kafin darasi na gaba. Ki rubuto mini bayan darasi na uku, ina so in ji yadda ƙugun yake.