Amsa: ma'anar S1 zuwa S6 a bayanin duwatsun sama

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zafin shigowa iskar duniya ne ke sa a rubuta wa dutsen sama S4 ko S6. A'a, wannan zafin ɓawon dutsen kaɗai yake ƙonawa. Harafin S yana nuna ƙarfin karon da dutsen ya sha tun yana sararin samaniya, kuma wani masanin duwatsu mai suna Stöffler da abokan aikinsa ne suka tsara ma'aunin a 1991.

Ana yanko dutsen siriri har haske ya ratsa shi, a duba ma'adinai biyu a madubin ƙara girma: olibin da filajiyokilas. A S1 ƙwayar olibin lafiyarta ƙalau. Daga S3 sai ka ga tsage-tsage a jere, kamar an ja su da rula. A S5 kuwa filajiyokilas ya rikiɗe ya zama gilashi, amma siffar ƙwayar na nan daram. Shi ake kira maskelinayit. Ni dai nan ne abin ya fi burge ni.

A S6 olibin kan koma wani ma'adini da ake kira ringwudayit, mai launin shuɗi-shuɗi, a gefen baƙaƙen jijiyoyin narkakken dutse. A dutsen Tenham, wanda ya faɗo a Ostareliya a 1879, aka fara gano shi a 1969.