Tambayi Likita: Masu Shirin Hutu a Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo: hutu a manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, waɗanda ke yin mako guda ko fiye suna zaga tashoshi a Bahar Rum, ko Bahar Maliya daga Jidda, ko tsakanin Dubai da Doha da Maskat. Da alama yaranmu da ke aiki a waje sun fara biya wa iyaye irin wannan tafiya. Tun kafin mu shiga, ga abin da ya shafi kowa: akwai likita a cikin jirgin, amma ƙaramin asibiti ne na taimakon gaggawa. Ba asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ba ne. Ba a babbar tiyata, ba a ajiye jini irin na asibiti, kuma duk ganin likita da kuɗi, da dala ko yuro.

Tambaya daga wata Hajiya a Tudun Wada: Likita, ɗana ya biya mana ni da mahaifinsa jirgin ruwa na kwana bakwai daga Barsalona. Ni kuwa ko motar Kano na shiga, kafin Tashar Yari na fara amai. In haƙura da tafiyar ne?

Hajiya, kada ki haƙura. Abin da ke kawo wannan jirin saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi ko ana tsaye. Kina zaune a ɗaki, ido yana ganin bango da gado ba sa motsi, kunne kuwa yana jin jirgi yana lilo. Ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, sai zufa mai sanyi, sai miyau ya cika baki, sai amai.

Waɗannan jiragen manya ne ƙwarai, wasu sun haura hawa goma sha biyar, kuma suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage lilon. A rana mai kyau za ki iya manta a kan teku kike. Duk da haka ki sa ɗanki ya duba inda ɗakinku yake tun yanzu. Ya nemi na tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi da hawan sama su suka fi kaɗawa, kuma abin dariya, ɗakunan sama su suka fi tsada. In akwai taga ko baranda, ya fi.

Magani kuwa kafin jiri ake shansa, domin in amai ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Akwai Stugeron, ana sha kamar awa biyu kafin jirgi ya tashi. Akwai Avomine, wanda ya fi kyau a sha da daddare kafin ranar tafiya saboda yana sa barci sosai. Akwai kuma wata 'yar filasta mai maganin hyoscine da ake mannawa a bayan kunne awa biyar zuwa shida kafin tashi, tana aiki har awa 72. Amma ki kula: wannan filasta ba ta mai hawan jinin ido ba ce, kuma in Alhaji fitsari yana yi masa wuyar fita kamar yadda yake yi wa dattawa da yawa, kada ya manna, tana iya riƙe fitsarin gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya kai ido. Shawarata ki gwada ƙwayar da za ki sha tun kina gida, ki ga yadda take yi miki.

In jirin ya zo duk da haka, kada ki shige ɗaki ki rufe ƙofa. Ki fito iska, ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ki ajiye waya. Ki ci busasshen abu kaɗan-kaɗan, biskit ko burodi, ki guji maiƙo. Shayin citta yana taimaka wa wasu. Yawancin mutane jikinsu yana sabawa cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan kun sauka kuma za ki iya jin ƙasa tana lilo na yini ɗaya ko biyu. Wannan ba komai ba ne, yana wucewa.

Tambaya daga wani malami mai ritaya a Samaru: Ina da ciwon suga da hawan jini, ina allurar insulin safe da yamma. Za mu tashi daga Dubai. Yaya zan yi da maganina?

Malam, ka fara da zuwa wurin likitanka kamar wata guda kafin tafiya, ya duba ka, ya rubuta maka takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwonka da sunayen magungunan na asali da yawan da kake sha. Ka ɗebi magani fiye da na kwanakin tafiya, a ƙalla da ƙarin na mako guda, a cikin kwalayensu. Kada ka juye su a leda ɗaya kamar yadda muka saba.

Insulin a jakar hannu yake tafiya. Jakar da ake aunawa a jefa cikin jirgin sama tana iya ɓata, sanyin wurin kuma yana iya daskarar da shi, wanda ya daskare kuwa ya lalace. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kimanin kwana 28 a ɗaki marar zafi. 'Yar firij ɗin da ke ɗakin jirgin ruwa sau da yawa ta sanyaya lemo ce kawai, don haka a sanar da kamfanin tun wajen yankar tikiti cewa kana da insulin, ka kuma nemi kwandon zuba allurai.

Dubai tana gaban Najeriya da awa uku. Wannan ba tazara mai yawa ba ce, amma ka tambayi likitanka yadda za ka matsar da lokacin allura. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. A jirgin nan tebur a shimfiɗe yake daga asuba har dare, an riga an biya, ga kek ga shinkafa ga lemo, zuciya tana cewa kada a yi asara. Ka ɗauki faranti ɗaya, ka cika rabinsa da ganye, ka tashi. Ranar da jirgi ya tsaya kuka fita zaga gari kuma akasin haka ake tsoro: tafiyar ƙafa ta yi yawa, abinci ya makara, suga ya faɗi. Ka riƙe dabino ko alawa a aljihu, da na'urar gwajinka. Sannan kada ka taka saman jirgi ba takalmi da rana. Daɓen yana zafi, ƙafar mai suga kuwa sau da yawa ba ta ji sai ta ƙone.

Tambaya daga wata matar aure a Hanwa: Cikina wata huɗu ne yanzu, tafiyar kuma saura wata biyu. Maigida ya ce iskar teku za ta yi mini amfani.

'Yar'uwa, ku ɗaga tafiyar. Lokacin cikin zai kai wata shida, yawancin kamfanonin kuwa ba sa ɗaukar mace da za ta shiga mako na 24 kafin a sauka. Dalilinsu mai ƙarfi ne: in naƙuda ta zo, bakwainin wannan lokacin yana buƙatar kwalba da ƙwararru nan take, jirgi kuma ba shi da su. Za a iya mayar da ku daga bakin tasha, kuɗin ya tafi. Bayan haihuwa ma yawanci sai jariri ya kai wata shida suke karɓarsa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari: Dakta, an ce jiragen nan matattarar cuta ne. Gaskiya ne?

Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya. Mutum dubu uku ko huɗu a rufe wuri ɗaya, hannu ɗaya bayan ɗaya a kan cokalin zuba abinci da maɓallin lifta. A watan Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700, sama da 700 suka kamu da korona. Amma wadda ta fi yawan ɓulla ita ce norovirus, ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa. Tana bayyana awa 12 zuwa 48 bayan an ɗauka, ta yi kwana ɗaya zuwa uku ta tafi. Sanitaiza ba ta kashe ta sosai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ne maganinta, bayan bayan-gida da kafin cin abinci. Alwala ba ta wadatar a nan, sai an haɗa da sabulu. Ka sa ƙullin ORS a jaka. In ta kama ka, ka kira asibitin jirgi ka zauna a ɗaki. Masu ɓoyewa don kada hutunsu ya lalace su ne ke raba ta ga yara da tsofaffi.

Tambaya daga wata uwa a Gyallesu: 'Yata mai shekara 19 sikila ce, yayarta tana so ta tafi da ita.

Za ta iya zuwa in jikin ya daɗe bai tashi ba kuma likitanta na sashen jini ya amince. Haɗarin yana farawa tun a jirgin sama, inda iskar numfashi ke raguwa kamar an hau dutse mai tsayin mita 2,000. Ta yawaita shan ruwa, ta riƙa tashi tana takawa. A jirgin ruwa ta guji wurin ninkaya mai sanyi da iskar dare, ta tafi da rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Maganin ciwo irin su tramadol da codeine Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana tsananta doka a kansu; sai da takardar likita da izinin ma'aikatar lafiyarsu da ake nema ta intanet kafin tafiya. A zaɓi tafiyar da kusan kullum jirgi yana tsayawa a tasha, ba mai kwanaki a tsakiyar teku ba. A kuma yi inshorar tafiya wadda aka rubuta sikilar a ciki ɓaro-ɓaro, mai ɗaukar kuɗin kwashe marar lafiya zuwa asibiti. Inshorarmu ta gida ba ta aiki a can.

Tambaya daga wani ma'aikaci a unguwar Kongo, Zariya: Wace allurar rigakafi ake buƙata?

Malam, ta farko ita ce ta cutar shawara, wadda ake bayar da yalo kad a kanta a ofishin lafiya na filin jirgi, kamar na Malam Aminu Kano. Ƙasashe irin su Saudiyya da Masar da Afirka ta Kudu suna tambayar wanda ya fito daga Najeriya. Katin yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka duba dokar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ba ta farko kaɗai ba. In ka haura shekara 60 ko kana da ciwo mai rage garkuwar jiki, ka ga likita kafin a yi maka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Sauron Zariya da ya cije ka daren tafiya, zazzaɓinsa sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu yake fitowa, wato daidai kana tsakiyar teku. Likitan jirgi ya saba da mura da gudawa, ba lallai maleriya ta faɗo masa a rai ba. Da zarar ka ji zazzaɓi ko sanyi ko ciwon gaɓoɓi, ka je ka gaya masa da bakinka cewa daga Najeriya kake, a gwada maka maleriya. Ka tafi da abin gwajin nan na ɗigon jini guda biyu da kwalin Coartem cikakke daga kemis mai rajista. In gwaji ya nuna, ƙwayar ana shanta sau biyu a rana har kwana uku, tare da madara ko abinci mai ɗan maiƙo domin ta shiga jiki sosai. In kuwa kana amai ba ta zama, ko idonka ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi baƙi, wannan na asibiti ne a tasha mafi kusa.