Bakin jirgi ake dubawa kafin a ɗauki buroshi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka zuba fenti a kan jirgin yaƙin da ka fitar da alli a bayan motar shanun nan, alhali a ganinka hoton da direba ya turo maka a waya ka bi. To, hotuna biyu ya turo, kai kuma ka zaci jirgi ɗaya ne, sai ka ɗauko kan wannan ka liƙa a gangar jikin wancan. Duka biyun F/A-18 ake ce musu, duka ruwan toka ne, kowanne da wutsiya biyu, amma ba jirgi ɗaya ba ne. Abin da ka haɗa babu irinsa a sama ko a ƙasa, kuma motar nan daga Maigatari har Legas za ta yi ta yawo da sunanmu a jikinta.

Ka fara sanin inda jiragen nan suke kwana. A kan jirgin ruwa suke tashi, a nan suke sauka. Manyan jiragen ruwan Amurka masu ɗaukar su tsawonsu mita 330 ne da 'yan kai, wannan kuwa bai ishi jirgin yaƙi ya ɗauki gudu ba. Saboda haka wata na'ura ce take figar sa ta ƙafar gaba ta wurga shi sama, in ya dawo kuma ya sauke ƙugiya ta kama igiyar ƙarfe da aka gitta, ya tsaya cak. Wannan wahalar tana bayyana a jikinsa. Ƙafafunsa masu kauri ne, tayoyin gaba biyu ne a jere, akwai ɗan sandan ƙarfe a gabansu inda na'urar take kamawa, ga ƙugiya ƙatuwa a ƙarƙashin wutsiya. Yawancinsu kuma fiffikensu yana naɗewa don wuri ya ishe su. Jiragen tudu irin su F-15 da F-16 suna da ƙugiya su ma, amma siririya ce ta ko-ta-kwana, kada ta ruɗe ka.

Yanzu ga naka biyun. Dillalin shanu ba ya tsayawa kan launin sa, bakinsa yake buɗewa ya duba haƙora. Kai ma bakin za ka duba, wato ramin nan biyu da ke ƙarƙashin kafaɗar jirgin inda injin yake shan iska. Tsohon, wanda ake kira Hornet, ya fara tashi a 1978, bakinsa mai lanƙwasa ne, kusan zagayayye. Sabon, Super Hornet, ya fara tashi a 1995, bakinsa mai kusurwa huɗu ne, a ɗan karkace. Ko hoton ya dushe, ko daga nesa aka ɗauka, wannan ba ya ɓuya. In ka ga zagaye ka ga tsoho, in ka ga kusurwa ka ga sabo.

Bayan baki sai kafaɗa. Akwai wani faffaɗan gefe da ya taso daga gindin fiffike ya miƙe zuwa wajen matuƙi. A tsohon siriri ne, kuma a kansa akwai ɗan ƙaramin faranti a tsaye ta kowane ɓangare. A sabon ya fi faɗi sosai, farantin kuma babu shi. Gaban fiffiken sabon yana da ɗan tsini da ya fito a daidai inda yake naɗewa. Tsawo ma ba ɗaya ba ne: tsohon mita 17 da kaɗan, sabon ya haura 18. Wuraren rataya makamai da tankin mai guda 9 ne a tsohon, 11 a sabon. Kai ka ba shi bakin tsoho da kafaɗar sabo, abin da idona ya fara kamawa ke nan.

In ka gane gidan, sai ka ƙirga kujeru. Harafin da ke ƙarshen sunan jirgin ne yake raba su. A tsohon, F/A-18A da C kujera ɗaya ce, B da D biyu. A sabon, E ɗaya, F biyu. Mai kujera biyu rufin gilashinsa ya fi tsawo, kuma kawuna biyu za ka zana a ciki. Raba A da C a hoton waya aiki ne mai wuya, 'yan ƙananan ƙulluttai ne a bayan matuƙi, direba kuma ba zai biya ka kuɗin wannan ba. Amma akwai wani mai kujera biyu da ya kamata ka sani, EA-18G, wanda ake kira Growler. Jikinsa na F ne, sai dai aikinsa toshe na'urorin hango jirage na abokan gaba. Dubi ƙarshen fiffikensa: maimakon siririn makami mai linzami, wani kwanso mai kauri ne a maƙale. In ka sa masa makami a wurin, ka mai da shi wani jirgin.

Wanda direbobi suka fi so a zana musu shi ne F-14, kuma ni ma a wurina babu kamarsa a bayan mota. Fiffikensa yana buɗewa yana komawa baya, koyaushe kujera biyu ne, wutsiyoyinsa sun fi na F/A-18 miƙewa tsaye kuma suna can baya a kan injina. Na F/A-18 sun baje waje, sun kuma matso gaba. Sojan ruwan Amurka sun ajiye F-14 a 2006. In kana son gane na ƙarshensu, D, leƙa ƙarƙashin haɓarsa, idanu biyu ne a jere, waɗanda suka riga shi fitowa ido ɗaya gare su.

F-35 kuwa iri uku ne. C shi ne wanda ake wurgawa daga jirgin ruwa, fiffikensa mita 13 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sauran biyun ba su kai 11 ba, kuma shi kaɗai ne mai tayoyin gaba biyu. B yana da murfi a bayan matuƙi da yake ɗagawa in zai sauka a tsaye. A na tudu ne.

Na Faransa, Rafale M, wutsiya ɗaya ce da kujera ɗaya, fiffikensa ba ya naɗewa. Su-33 na Rasha da J-15 na Sin suna da ƙananan fukafukai a gaban manyan, Su-27 na tudu ba shi da su.

Wani direban zai ce ka sa masa kore-fari-kore a wutsiya. Ka gaya masa da ladabi cewa Najeriya ba ta da jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, ba ta kuma da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In tutarmu yake so, ka zana masa Alpha Jet ko JF-17, su ne namu. In kuma na Amurka ya nace, rubutun jikinsa ka kwafe shi yadda yake, kada ka ƙaga. Lamba uku ce a hanci, haruffa biyu a wutsiya. Jiragen da ke aiki a kan jiragen ruwan tekun Atilantika harafinsu na farko A ne, na tekun Fasifik kuma N.