Kamu Nawa Ne a Yadi? Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Malam, kakata ta ce zanen aurenta na saƙi kamu huɗu ne. Yadi nawa ke nan? (Wata mai ɗinki daga Zariya)

Amsa: Yadi biyu, ko kusa da haka. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, wajen inci 18 a hannun namiji matsakaici. Yadi kuwa inci 36 ne, ƙafa 3. Kamu biyu ke nan a yadi, turmin atamfa mai yadi 6 kuma kamu 12.

Amma ki riƙe "ko kusa da haka" ɗin nan da kyau. Yadi sanda ce, tun 1959 ma aka tsayar da shi a kan santimita 91.44, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kamu kuwa hannun mutum ne. Dogo ya dafa bakin zane da gwiwar hannunsa ya miƙe yatsu, gajere ma ya yi haka, kafin a kai kamu goma an sami bambancin da zai isa hular yaro. Shi ya sa mai saye yakan ce a bari ya kama da hannunsa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗaliban da ke rubuta wai kamu "daidai yake" da santimita kaza da ɗigo kaza. Hannun wa suka auna? Awon da aka yi da jiki, da kintace ake mayar da shi yadi, kuma wannan ba aibi ba ne. Haka masaƙa suka yi ciniki shekaru aru-aru.

Tambaya: Zira'i fa?

Amsa: Kamu ne da Larabci. A bakin malaman fiƙihu za ka fi jin sa.

Tambaya: Da ake cewa "rijiya gaba dubu", wane gaba ake nufi? (Wani ɗalibi daga Damagaram)

Amsa: Ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewa; daga yatsan dama zuwa na hagu, ta kan ƙirji, gaba ɗaya ke nan. Kamu 4, wato yadi 2. Ku da kuke awo da mita, wajen mita 1 da santimita 80. Da shi masu haƙar rijiya ke auna igiya. Gaba dubu zai zama yadi 2,000, ya zarce mil guda mai yadi 1,760. Ka ga zuguguntawa ce, ana faɗa wa abin da zurfinsa ya wuce misali.

Tambaya: Taki da taƙi abu ɗaya ne?

Amsa: Haba! Taki na ƙafa ne, da shi ake auna fili. Taƙi na yatsun hannu ne, bai wuce kwatan yadi ba. Ku riƙa sa wa ƙ ƙugiyarta.